Allon Shayin Babanmu

Ran wata Asabar da hantsi, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, aka kawo allon. Lokacin Birnin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, kowace takarda sai an kai ta can. Mai fenti ya ɗauro shi a bayan kekensa, ya naɗe shi da takardar siminti kada fentin ya goge. Ina tsugune bayan teburin shayin babanmu, kusa da tashar motocin Argungu, ina wanke kofuna. Na tsame hannu na ruga, don na riga na cika baki a ajinmu cewa sunana za a rubuta. Da aka yaye takardar sai ga manyan baƙaƙe jajaye a kan fari: SHAYIN NASIRU. Ni kuwa sunana Aliyu. Nasiru ɗan ƙanen babanmu ne, wanda aka kawo riƙo daga Argungu don ya yi makaranta, ko shekara bai cika a gidanmu ba. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan wankin kofin nan a fuska.

A wancan lokacin kowane mai shayi a layin tasha yana da allonsa, kuma da shi ake saninsa. Da yawa cikin direbobi da 'yan kamasho ba su karanta boko, saboda haka zanen ne ke aiki. Wani mutumin Augie ya sa an zana masa albasa ƙatuwa, sai ka ji ana cewa a haɗu wurin Albasa. Na kusa da masallaci zakara ne a allonsa, don shi ke fara hura wuta. Akwai mai giwan ruwa, akwai kuma wanda ya rubuta Sai Ka Dawo, aka zana masa mota ta juya baya. Babanmu ya daɗe ba shi da allo, "wurin mutumin gindin dogon yaro" kawai ake ce da mu. A namu sabon allon, ƙarƙashin sunan, an zana yaro yana sheƙa shayi daga buta zuwa kofi. Kallo ɗaya na yi masa na kau da kai, na ce ai Nasirun ne aka ƙara wa hoto a kan suna.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ne jakin wurin. Ni ke ɗebo ruwa daga famfo kafin a tafi makaranta, ni ke faskare, ni ke hura wuta har idanuna su yi ja, ni ke karɓo burodi. Da damina ni ake turawa fadama korar tsuntsaye a gonar shinkafa, in yini ina kaɗa gwangwani har muryata ta dushe. Nasiru kuwa, ɗan gata, yana zaune a benci ana ba shi ɓawon burodi da sauran madarar da ta maƙale a gwangwani. Babanmu zai ce, "Nasiru, taho ka sha," ni kuma sai dai "kai," ko "wancan," ko "yaron nan." In na miƙa wa baƙo kofi da hagu, don ni bahago ne, sai ya galla mini harara ya ce, "Kai, canza hannu." Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

A makaranta kuwa na sha tsiya. Ana wasan langa sai wani ya ɗaga murya, "Ku kama yaron Nasiru!" Ko motar da na ƙera da gwangwanin madara, mai tayoyin silifa, cewa suka yi in rubuta mata sunan maigidana a goshi. Na daina dariya a gabansu, don da ma suna tsokanar wushiryata. In na taso makaranta sai in zagaya ta bayan tasha don kada in ga allon. Na yi addu'ar ruwan sama ya wanke fentin, na yi fatan iskar damina ta cire shi ta kai shi har gulbi. Ina! Mai fentin nan motocin katako yake wa zane, fentinsa ba ya jin ruwa. Nasiru, bawan Allah, bai san ma ina yi ba, kullum yana biye da ni da "Yaya Ali, Yaya Ali," wannan ma haushi yake ƙara mini.

Kakata ce kaɗai na kai wa ƙara. Tana tsince shinkafa a faifai, ta saurare ni har na gama, sannan ta yi dariya. "Angona, mi kaka so? Wa ya taɓa ganin uba ya rataya sunan ɗan fari a bakin hanya? Kunya fa? Ɗan ƙane shi aka yi wa kara." Na san haka ake yi a garinmu, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Amma yaro ina ruwansa da kunyar manya? Ni dai na ga an ba wani abin da yake nawa, na tashi na bar mata goron da ta miƙo mini.

Shekaru suka tafi. Na wuce makarantar kwana, na kama aiki, Nasiru ya karɓi teburin har ya mayar da shi shago. Bayan rasuwar babanmu, da aka share makoki, na leƙa wurinsa. Ya shiga ciki ya fito da tsohon allon, katakon ya fara cin gara, ya jingine shi a gabana. Na ce cikin wasa, amma da sauran ɗaci a raina, ya adana kayansa. Sai ya dube ni ya ce, "Yaya Ali, ni bahago ne? Ko ka taɓa ganin wushirya a bakina?" Na durƙusa na duba. Yaron da ke allon da hagu ya riƙe butar, yana murmushi, ga 'yar ƙofa tsakanin haƙoransa na sama. Nasiru ya ce yana wurin ranar da Baba ya yi magana da mai fenti. Bai ambaci suna ba, haɓa kawai ya ɗaga wajen bayan tebur ya ce, "Ka yi shi kamar wancan mai wankin kofi, har hannun." Ya ƙara da cewa shi ma ya daɗe yana jin haushina, don masu suna Nasiru sun cika gari, amma fuskar nan mutum ɗaya ke da ita. Sai share ido nake da hannun riga.

Yau in ka bi layin tasha, allunan roba ne masu wuta, injin ke buga su, babu albasa babu zakara. Iyaye suna rubuta sunan ɗan fari a shago da bayan keke mai ƙafa uku, ba mai jin nauyi. Ni ma nawa ɗan farin ina kiransa da sunansa a gaban kowa, wani lokaci ba don ina da aike ba. Allon yana rataye a zaurena, da sunan Nasiru a sama, kuma ba zan ɓoye ba, in na ɗaga kai na karanta har yanzu wani abu yakan ɗan soke ni. Da ma Baba ya kira ni Aliyu, ko da sau ɗaya.