Ranar da Anka Zo Yi wa Yaya Sakiya

Yayana fetur yake kaiwa Benin a kan babur. Da baki yake zuƙo shi ta tiyo ya tofar, sannan ya kunna taba. Nakan ce mai, "Yaya, kai ba mutum ba ne, janareta ne." Sai ya kai min rankwashi.

Da tarinsa ya fara fitowa da jini, ni na kai shi asibiti Birnin Kebbi, don ni ne mai boko a gidanmu, duk da aji biyun sakandare na gudo. Anka ɗauki hoto, anka gutsuri nama. Likita ya ce kansar huhu ce, ta yi nisa.

Na ce, "Likita, mi ya kawo ta?"

Ya ce kowace ƙwaya a jikin mutum tana da mai gadi, wani furotin. In ƙwayar ta lalace, shi ke hana ta haihuwa ko ya kashe ta. Akwai kuma wani furotin mai rage masu gadin don kar su yi yawa. Wani lokaci hayaƙi ya nakasa masu gadin, wani lokaci mai ragewar ya haukace ya share su duka.

Na ce, "Wato shinge ya watse, kowane ɗan iska wucewa yake."

Ya ce kusan haka ne. Ya ba mu maganin rage zafi, munka dawo garinmu Geza.

Kawu, ƙanen mahaifinmu, bai yarda ba. Wai mugun jini ne ya kwanta a haƙarƙari, sakiya ce maganinsa. Wata safiya na dawo daga gona na iske wanzami tsakar gida, ƙarfensa cikin garwashi ya yi jajir. An kifa Yaya kan tabarma. Kawu ya danne mai baya da gwiwa, ƙarti biyu sun riƙe ƙafafu.

Kawu ya ce, "Zo ka kama hannu, likitan Geza."

"Kawu, ciwon ga yana can ciki, ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta. Ƙarfenku ido gare shi?"

"Ubanka anka yi wa ya tashi."

"Shi maruru ne ya fito mai."

Marin da ya zabga min sai da kunnena ya yi kuka. Wanzami ya zaro ƙarfen. Ban tsaya ba, na dunguri ƙirjin wanzamin da kai, munka zube kan murhu. Ƙarfen ya manne min a dantse, na ji ƙaurin namana kamar tsire. Na ci gaba da naushinsa har hancinsa ya fashe. Ƙartin nan sunka saki Yaya sunka rufe ni da duka, ɗaya da taɓarya. Inna na ihu a bakin ɗaki.

Cikin ƙurar nan Yaya ya yi magana, da ƙyar. "Kawu, ɗaga ni. Ba na shaƙa."

Kawu ya ɗaga gwiwa. Yaya ya juyo ya amayo jini kan ƙafar Kawu. Kawu ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya ce wa wanzami ya kwashe kayansa.

Yaya ya dube ni, haƙorina ɗaya da ya fita yana hannuna, ya ce, "Dama can haƙorin mummuna ne."

Bai kai girbi ba. Ni da Kawu munka yi mai wanka. Da munka juya shi, bayansa sumul, ba tabo ko ɗaya.