Gyare a Kunnen Gwaggo Mai Niƙa

Shekara ashirin da uku Gwaggo ta yi tana niƙa a rumfar da ke jingine da katangar gidanta, kuma a tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayarta lafiyar kunnenta. A tambaye ta aiki, a tambaye ta yara, a tambaye ta ƙafar mijinta Malam, amma kunnen da ke shan azabar tun safe har la'asar, ko oho. Sunanta na yanka ma ya ɓace a unguwar. Babba da yaro Gwaggo Mai Niƙa suke cewa, har mijin nata in tsokana ta motsa masa.

Ta kafa injin ne shekarar da Malam ya faɗo daga tsani ya bar aikin fenti. Da injin nan aka ci aka sha, da shi yara huɗu suka yi makaranta, har babbar ta zama malamar firamare, kowa na ce mata Malama. Gwaggo gajeriya ce kakkaura, girarta kullum fara fat da gari. Magana kuwa, tsabar sabo da yin ta a kan rurin inji, in ta ce a miƙo mata gishiri sai an ji a gida na uku.

Mata kan tsallake injina biyu su zo nata, kuma dalilin ɗaya ne. Gwaggo ba ta murza gari a hannu don ta san ya yi laushi, saurare take yi. Tana iya juya wa injin baya tana faɗa da mai kawo mata ruwa, sai kawai ta miƙa hannu ta ɗan murɗa sukurun da ke matse faifan niƙa, ta ci gaba da faɗanta. Masara da irin kukanta, dawa da nata, jiƙaƙƙen wake da nasa. Bel bai isa ya saki ba ta ji ba.

To, wata Laraba da safe ta tayar da inji, sai ta ji wani siririn fito a ƙarƙashin rurin da ta saba da shi, kamar gyare ya maƙale a lungu. Ta zagaya ta dama, ta zagaya ta hagu. Ta kira Dogo bakanike, wanda shi ke duba mata injin tun yana sabo. Dogo ya kasa kunne ya ce shi bai ji komai ba, ta ce ai dama kunnensa ado ne. Don a zauna lafiya ya canza bel. Washegari fito na nan. Ya canza boris, ya ɗura giris har yana tsiyaya. Fito na nan. Ran Asabar ta ce ya kwance injin gaba ɗaya, ita ba za ta niƙa wa mutane abinci da injin da ke mata fito kamar ɗan tasha ba.

Dogo ya shimfiɗa buhuna biyu ya yi ta kwancewa har rana ta take. Faifai nan, mazurari can, notuna a cikin tsohon gwangwanin madara. Layin ya yi tsit, irin shirun da ba a taɓa ji da rana ba tun da aka kafa rumfar. Gwaggo ta tsaya a kan kayan, hannu a ƙugu, ta karkata kai.

"Ka ji ko? Ga shi nan har yanzu."

Dogo ya dubi tarkacen da ke kan buhu, ya ɗago ya dube ta.

"Gwaggo, wanne ne a cikinsu ke kukan? Nuna mini in kama shi."

Ta taka zuwa bakin titi, fito ya bi ta. Ta shiga zaure, ya shiga. Ta shige ɗaki ta turo ƙofa ta toshe kunnuwa da yatsu, sai ma ya ƙara fitowa tar. Nan ta zauna a bakin gado, kunya da tsoro suka taru suka rufe ta, ga Dogo can waje yana tambayar Malam ko ya mayar da injin ko ya jira.

Kafin magariba labari ya gama layin, likitocin unguwa suka fito. Maƙwabciyarta ta dama ta ce gulmarta ake yi a wani wuri. Gwaggo ta ce in gulma ce, wace mara aikin yi ce za ta yi kwana huɗu tana yi ba ta tsaya ta sha ruwa ba? Wata ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Wata ta kawo tafarnuwa a cusa. Wata tsohuwa ta zo da mai a cokali, da ɗuminsa, tana neman kunnen da za ta tsiyaya wa. Mutanen da ko ciwon kansu ba su iya magancewa ba, amma kowa da digirinsa a kan kunnen wani. Malam kuwa, daga kan kujerarsa, ya ce shi a ganinsa muryarta ce ta shekara ashirin ta gama zagaya unguwa ta dawo gida. Bai samu shayin yamma ba ranar.

Malama ce ta zo ta kwashe ta zuwa asibiti. Likitar kunne ta haska 'yar fitila a ciki, ta yi tsaki a hankali, ta tambaya da me ake sosa kunnen nan. Gwaggo ta ce tsinken ashana, kamar kowa. Maganin ciwon jiki fa? Biyu da safe, biyu da yamma, shekara da shekaru, ba wanda ya rubuta mata. Aka gwada jini aka tarar ya ɗan hau. Da aka zo kan sana'a, likita ta ajiye biro. Ta ce ƙarar kunne irin wannan tana da iyaye da yawa: dauɗar da ashana ke turawa ciki, yawan shan ƙwayoyin nan, hawan jini, har da shekaru. Amma babban wanda take zargi shi ne injin. Ta wanke kunnen, ta hana ashana, ta ce a bar shan magani barkatai. Ta faɗa mata gaskiya cewa ƙarar tana iya raguwa, tana kuma iya zama, sai dai mutum kan saba har ya riƙa mantawa da ita. Abu ɗaya ne ba sassauci: in za ta tsaya kusa da inji, to da marufin kunne, irin na ma'aikatan masana'anta, in ba haka ba jin ma gaba ɗaya zai tafi.

Duk wannan dogon bayani, kalma ɗaya Malama ta tsinta, inji. Tun a cikin mota ta fara. Wai Inna ta huta haka nan, su huɗu sun isa su riƙe gida. Kafin kwana biyu ta gama magana da Dogo, wanda dama ya daɗe yana yi wa injin kallon sha'awa, aka sa Asabar mai zuwa zai zo da kura ya ɗauka. Ba wanda ya tambayi mai injin. Haka ake yi wa mace in ta haura hamsin, a yanke mata hukunci a gabanta, a ce don lafiyarta ne.

Gwaggo ta ce ba inda inji zai je, ai likita marufi ta ce. Aka sayo marufin, ja, kamar an kifa mata kofuna biyu a kai. Ran Litinin ta sa, ta tayar da injin da Dogo ya mayar, ta zuba masara. Rurin ya koma can nesa kamar a ƙarƙashin ruwa, gyaren kuma ya samu fili shi kaɗai. Ta murɗa sukuru a kan zato. Kwano na farko ya fito tsaki, na biyu ta matse da yawa har garin ya yi zafi yana warin ƙuna. Mai masarar, wadda ta shekara goma tana zuwa, ta murza garin ta ce ba komai, Gwaggo, ta ɗauki kwanonta. Wannan ba komai ɗin ya fi zagi ciwo. In ta cire marufi ta kurumce, in ta sa shi ta zama ɗaya da kowane mai inji.

Da gyaren dai sun fara fahimtar juna. Ta lura shiru ne abincinsa, don haka ta riƙa barin rediyo a kunne ƙasa-ƙasa in tana tsintar shinkafa, ta kunna fanka in za ta kishingiɗa. In ranta ya ɓaci ya ƙara murya, in tana hira sai ta neme shi ta rasa. Har ta fara ce masa baƙona. Niƙan ne ya ƙi.

Ran Alhamis tana tsaka da fama, igiyar silifas ɗinta ta tsinke. Ta yi jifa da shi ta tsaya a kan siminti ƙafa ba takalmi. Sai ta ji injin yana hawowa ta tafin ƙafarta. Da masara ta shiga faifai, rawar ƙasar ta yi kauri, da ta murɗa sukuru ta yi sumul. Ta ɗora tafin hannu a jikin mazurari, nan ma ga shi, har ya fi fitowa. Ta cire ɗaya silifas ɗin. Yinin ranar da na Juma'a ta niƙe duk hatsin da ke gidan, har wanda Malam ke ajiye wa tantabarunsa.

Asabar da hantsi Dogo ya iso da kura da igiya, Malama na biye da shi. Suka tarar da Gwaggo tsaye a rumfa, kofuna a wuya, ƙafa a ƙasa.

"Inna, ina takalminki?"

"Je ki ɗebo masara a gidanki, ki haɗo da rariyarki. Taki, ba tawa ba, kada ki ce na yi miki wayo. In kin tankaɗe kin samu tsaki cikin cokali, Dogo ya ɗauka."

Malama ta so ta yi musu, Malam ya leƙo ya ce ai a bar ta ta gwada, ko wanda za a kora daga aiki akan saurare shi. Aka kawo masara. Gwaggo ta kifa marufi, ta tayar da inji, ta kafa ƙafafu, hannu ɗaya a mazurari ɗaya a sukuru. Har ido ta lumshe, wannan kam don gayya. Gari ya zubo.

Malama ta durƙusa da kayan fitarta ta tankaɗe. Ta sake tankaɗewa. Abin da ya rage a rariyar ko kaza ba za ta sunkuya dominsa ba. Dogo ya murza garin, ya sosa ƙeya, ya fara naɗe igiyarsa.

Malama ta miƙe tana kakkaɓe zani, ta shiga jero sharuɗɗa: daga safe zuwa azahar kawai, marufi ko da kwano ɗaya za a niƙa, gwajin jini duk wata, kuma in ta sake ganin ashana kusa da kunnen nan ita da kanta za ta turo kurar. Gwaggo na ta gyaɗa kai cikin ladabi. Sai da Malama ta kai sharaɗi na biyar ta lura kofunan na nan kife a kunnen uwarta, bakinta kawai ake kallo. Ta miƙa hannu ta ɗaga ɗaya.

"Inna, kin ji abin da na ce kuwa?"

"Azahar na gani a bakinki. Sauran ki rubuta ki ba babanki."

Ta mayar da kofin, ta yafito matar da ke gaba a layi ta matso da kwanonta.