Gwaggo Mai Ci a Tsaye

Ƙarfe shida na safe take buɗe ɗakin abincin. Ta kunna murhu, ta ɗora ruwan shayi, sannan ta goge dogon teburin da ke bakin taga. Tebura shida ne a ɗakin, amma wannan take fara gogewa, don shi ne teburin marasa kowa. Gwaggo kowa ke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Shekara ashirin da bakwai ta yi a haka, sai ƙarshen watan jiya ta ajiye ludayi. Gwiwoyinta ne suka gaza. Likita ya ce ko ta koyi zama, ko nan da shekara guda sai an ɗauke ta kafin ta kai bakin ƙofa. Da ta ji haka ta fi kwana uku ba ta yi wa kowa wasa ba, mu kuwa muka ɗauka ciwon ne ya dame ta.

Masu iyali sukan ci su tafi. Mu 'yan dogon tebur ba mu da wurin da muke sauri. Akwai Direba, tsoho mai ritaya da matarsa ta rasu. Akwai Tela, wanda 'ya'yansa suka watse cikin duniya, sai muryarsu a waya. Akwai Nas, da ke tashi daga asibiti ta koma ɗakin da babu mai ce mata sannu da zuwa. Sai ni mai wannan rubutu, ni ma ban fi su kowa ba.

Gwaggo ba ta yarda mutum ya ci abinci yana kallon bango. Da baƙo ya ja kujera a lungu, sai ta ɗauke farantinsa ta dire a dogon tebur, ko tambayarsa ba ta yi.

"Ɗana, lungun nan na buhun albasa ne. Taso ka zauna cikin mutane."

Ke ce, Gwaggo, da Tela ya kwana biyu bai leƙo ba, kika bar tukunya a wuta kika tafi da kwano a rufe, kika same shi kwance zazzaɓi ya kayar da shi. Kika tsaya a kansa kina faɗa har ya cinye. Ke ce kuma, lokacin da Direba yake ta yin mantuwa yana cewa a zuba biyu, ba ki taɓa tuna masa cewa matarsa ba ta nan ba. Sai ki zuba biyun, ki jawo wani mai zaman kaɗaici ki zaunar a gabansa, ki ce, "Ga mai taya ka."

Da ranar sallama ta matso, Nas ta kawo shawara: kowa ya dafa abu a gida ya kawo, Gwaggo ta ci girkin wani ko sau ɗaya. Aka sha fama. Direba, da ko ruwan zafi bai taɓa ɗorawa ba, sai da 'yarsa ta yi awa guda a waya tana koya masa wanke shinkafa. Tela ya zo da yatsa a ɗaure.

Aka jera tukwane a dogon tebur aka buɗe. Direba ya kawo shinkafa da wake masu laushi, yadda take yi masa saboda haƙoransa. Tela ya kawo kifi ba barkono, yadda take yi masa saboda cikinsa. Nas ta kawo dankali, ni na kawo ƙwai da albasa. Gwaggo ta bi tukwanen da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta yi dariya.

"Oho! Kowa ya kawo nasa. To ina nawa?"

Wallahi kunya ta rufe mu. Ta san abin da bakin kowannenmu yake so, mu kuwa babu wanda ya san nata. Sai a lokacin muka tuna ba mu taɓa ganinta zaune da faranti ba. Kullum a tsaye take ci a gindin murhu, loma biyu daga ƙasan tukunya, ta juya mana baya.

Direba ya ja mata kujera. Ta dafa bayan kujerar, ta ƙi zama.

"Tun da maigidana ya rasu ban zauna na ci abinci ba," ta ce a hankali. "In na zauna, sai na ga gurbinsa. Yanzu ga likita ya ce in je gida in zauna. Da wa?"

Direba dai bai saki kujerar ba.

"Gwaggo, zauna. Gurbin nan na san shi. Yau ni ne mai taya ki."

Ta zauna. Ya zauna a gabanta ya zuba mata shinkafarsa. Ta kai loma, ta tauna, hawaye na bin kuncinta, ta haɗiye da ƙyar.

"Kai, Direba, gishirin gidanku duka ka juye? Gobe da rana ka zo gidana da tukunyarka in nuna maka."

Ya je. Washegari Tela ya je, sannan Nas, sannan ni. Haka muke yi har yau, kowa da ranarsa. Tana zaune tana kushe girkinmu, tana cinyewa. A mako na biyu muka gano gasasshen kifi take so, da barkono mai yawa.

Mun gode, Gwaggo, uwar marasa kowa. Allah ya saka miki, ya sauƙaƙa wa gwiwoyinki. Ki yafe mana shekarun da muka yi muna miƙo faranti ba mu waiwaye ki ba. Kai kuma mai karatu, akwai wanda yake zuba maka abinci kullum. Yau kafin ka kai loma, ka duba ko shi ya ci, ka ja masa kujera.