Kitsen da Na Ciyar da Inna

A zamanin mulkin Faransawa, shekarun da gyaɗa ta yi daraja a Maraɗi, Allah Ya buɗa mini, na gina gida a Sabon Gari. Abin da na fara yi shi ne na aika Jiratawa aka ɗauko mahaifiyata. Mace ce siririya mai ƙarfi, wadda ta saba da daka da zuwa gona, cimarta tuwon gero da miyar kuka da kwaɗon tafasa. Ni kuwa a ganina, uwa marar jiki abin gori ce ga ɗa mai hali.

Na hana ta taɓa taɓarya, na sa aka shimfiɗa mata darduma a inuwa. Kowace safiya mahauci ya kawo tozo, Fulani su kawo man shanu, tuwo sai ya yi iyo cikin mai, fura kuma a zuba mata sukarin kanti. Ni ne ɗanta na fari. Bisa al'ada ba ta kama sunana, ba ta duban idona, balle ta ce mini abincina ya gundure ta. Abin da aka ajiye mata, shi take ci. Cikin shekara uku ta yi jiki har tashi ya zama aiki, ni kuwa ina ta shan yabo a ƙofar masallaci.

Daga nan ƙishirwa ta kama ta, ba ta rabuwa da bakin randa, tururuwa na taruwa inda ta yi fitsari. Matata ta shaida mini cewa Inna kan yi sallar azahar sau uku, ta ce ba ta yi ba. Na kai ta ga likita, wani baƙar fata da ya yi karatu a Dakar, Hausarsa a karye.

Ya ce, "Maigida, jikin mutum ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowane da katangarsa ta mai. Ƙwaƙwalwa ma yawancinta mai ce. Amma in mai ya wuce kima sai ƙofofin ɗakunan su cije, sukari ya rasa mashiga, ya tsaya cikin jini, jijiyoyin kai su wahala. A rage maiƙo, a bar ta ta yi tafiya, a ba ta ganye."

Na ce, "Ganye? An gaya maka akuya na kawo?"

Ya ce, "Akuyar gidanka ta fi ta lafiya."

Na kaɗa riga na fita. Da na isa gida na ce a ƙara man shanu, don kada wani ya ji an ce ni ne mai ciyar da uwata da ciyawa.

Bayan kaka surukaina suka zo daga Tibiri. Na shige gaba na kai su gaishe ta, ina so su ga yadda na riƙe ta. Muka durƙusa. Sai Inna ta ɗaga kai ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun ina yaro.

Ta ce, "Bawan Allah, kai ne mai gidan ga? Allah Shi saka maka, kun ciyar da ni. Amma ka sa a maishe ni gida. Yarona na can shi kaɗai, bai ci komi ba."

Abin da na yi, har yau in na tuna sai na sadda kai: dariya na yi. Na ce wa baƙin, ai Inna akwai barkwanci. Suka taya ni, don kara. Da suka tafi matata ta ce an yi watanni Inna ba ta san ni ba. Ni kuwa shirun Inna na ɗauka alkunya ce.

Washegari na sallami mahauci, na bi duk abin da likita ya faɗa. Ƙishirwar ta ragu, har ta koma taka ƙafarta zuwa zaure. Hankalin bai dawo ba. Ban san iyakar rabon kitsen nan a cikin abin da ya same ta ba, Allah ne masani, amma na san an gargaɗe ni na ƙi. Damina biyu ta ƙara a gidana kafin ta rasu. Kowace safiya sai ta yi mini godiya irin ta baƙo, ni kuma in amsa mata a matsayin mai masauki.