Shekara Uku Jakata Tana Shaida

Ko zan manta da ranar aurena, ba zan manta da shari'ar jakata ba.

Zamanin 'yan doka ne, ina noman auduga a wani ƙauye kusa da Maska. Jaka ɗaya gare ni, ita ke kai mini kaya kasuwa. Ran nan a Funtuwa wani ɗan doka ya ƙwace ta, wai ta tare hanya, ya ɗora mata itacen gidansa ya wuce. Raina ya ɓaci, na je mai rubuta wasiƙa ya tsara mini ƙara, na dangwala hannu.

Na kai ofishin 'yan doka, Sajan ya karanta ya ce, "Malam, ƙara ta karɓu. Amma jakar nan yanzu shaida ce, ba ta fita sai an gama bincike."

Har godiya na yi masa, ku ji wauta.

Kakar nan da kaina na yi dakon auduga. Duk ranar kasuwa sai na leƙa. Yau mai binciken ya tafi Malumfashi, gobe takarda ta tafi Katsina, jibi mai makullin akwatin takardu ba shi da lafiya. Ita kuwa shaidar tana bayan ofis tana ɗebo wa matan 'yan doka ruwa, ta yi ɓul-ɓul, ko kallona ba ta yi. Matata ta ce, "Maigida, kai ma ka je su tsare ka mana, ko ka yi ƙiba."

Damina uku ana abu ɗaya. Wanda na kai ƙara aka ƙara masa igiya, jakata kuma ta haihu sau biyu a hannun hukuma.

Rannan Sajan ya kira ni. "An gama bincike, ba a sami kowa da laifi ba. Takarda jaka ɗaya ta ce, ɗaya za ka ɗauka."

Na ce to. Na kama igiyar uwar na ja, 'ya'yan suka biyo ta da gudu. Sajan ya fito yana, "Kai, tsaya!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗaya na ja. Waɗannan in sun yi laifi, a buɗe musu bincike."

Yaransa suka kwashe da dariya, ya juya ya shige ciki. Wallahi har gida ina tuntsira dariya, ni da jakuna uku.

Abin da na koya ke nan: kafin ka kai ƙarar mai kaki wurin mai kaki, ka tabbata abin da aka ƙwace maka mai haihuwa ne.