Gaisuwa Shafi Ɗaya da Rabi

Sau uku na zauna jarrabawar Turanci, sau uku tana kayar da ni. Sauran darussa duk na ci tun a karon farko, amma Turanci ya ce atafau. A lokacin ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare a Gwiwa, sai ga takarda daga ofis cewa duk malamin da takardunsa ba su cika ba zuwa ƙarshen shekara, ya nemi wata sana'a. Ni kuwa da aikin nan nake riƙe da mahaifiyata da ƙannena mata biyu. Zaman jarrabawa ɗaya ya rage mini.

Abin haushin, ban ɗauki kaina daƙiƙiya ba. Ina da wani littafi mai jan bango da na cika maƙil da kalmomin Turanci. Kowace kalma na jera mata 'yan'uwanta masu ma'ana ɗaya, biyar ko shida, in zan yi rubutu sai in zaɓi wadda ta fi tsawo, don a wajenmu gwanin Turanci shi ne wanda in ya yi magana sai an nemo ƙamus. A bayan littafin kuma salon maganar Turawa ne, na haddace shi tsaf, ina barbaɗa shi duk inda na ga wuri.

Wata Asabar na shiga mota zuwa Kazaure don in cike fom. Shagon da ake cike fom ɗin jarrabawar na wata dattijuwa ce 'yar Filato, Kirista, wadda ta yi shekaru tana buga takardu a ofis kafin ta yi ritaya. Kowa Mama yake ce mata, Hausarta kuma ba ta da makusa. Tana cike mini fom na gaya mata wannan ne karo na huɗu. Ta ga littafin a hannuna, ta karɓa ta yi ta buɗawa, sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Malama, duk wannan kayan, kuma sau uku?"

Na ji zafin maganar, amma na ce eh. Ta miƙo mini takarda da biro, ta ce in rubuta wa shugaban ofishinmu wasiƙa cewa iska ta yaye rufin ajina. Ta ba ni rabin awa.

Na zage na rubuta. Na gaishe shi, na tambayi lafiyarsa da ta iyalinsa, da aiki, da gajiya, da yadda damina ta same shi, na yi masa addu'ar ƙarin girma, duk da kalmomin nan masu nauyi. Ina kan shafi na biyu ta ce lokaci ya cika. Ta karanta har ƙasa, ta juya bayan takardar, ta sake juyowa.

"Ina rufin?"

"Yanzu zan zo kansa, Mama."

"Ai yara sun gama jiƙewa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Mama, babban mutum ne fa. In faɗa masa da buƙata babu gaisuwa, sai ka ce wadda ba ta sami tarbiyya ba?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ba ni labarin zuwanta Kazaure tana amarya. Ta shiga maƙwabta ta ce a ara mata turmi, haka kawai, ba ina kwana ba ya yara. An ba ta turmin, amma ta yi watanni matan unguwa suna cewa girman kai gare ta, sai da wata tsohuwa ta ja ta gefe ta koya mata.

"Ni na yi kuskurena a gidanku, ke kina yin naki a gidan Turawa," in ji ta. "A wasiƙar ofis, girmama mutum shi ne kada ki ɓata masa lokaci."

Daga ranar, duk Asabar ina shagonta. Abu na farko da ta yi shi ne ƙwace littafin nan, ta kulle shi a durowa. Da na yi ƙorafi cewa ai kalmomin duk ma'anarsu ɗaya, sai ta ce, "Gero da dawa da masara duk hatsi ne. Da wanne kike dama fura?" Ta kan ba ni tsofaffin jaridu, ta ce in nemo kalma a inda take zaune, in kwafe jimlar gaba ɗaya, in ga su wa take tafiya da su, wa ya faɗe ta, kuma ga wa. A nan na gane akwai kalmar da ta dace da aboki, akwai ta kotu, akwai wadda ba ta fitowa sai a ta'aziyya. Salon magana kuwa ta sa mini doka: sai na gamu da shi sau uku a rubutun wasu kafin in taɓa shi. Ranar da na rubuta cewa an yi ruwan kyanwoyi da karnuka, wai ina nufin ruwa mai ƙarfi, ta ce, "Wasiƙar ofis ce, Malama. Ki ce an yi ruwa da yawa, ki bar dabbobin mutane."

Ba ta taɓa karɓar komai a wajena ba, sai gyaɗar da nakan tsaya in saya mata a Roni.

Ranar jarrabawa tambayar rubuta wasiƙar ofis ta fito. Hannuna ya ƙi fara rubutu, don har lokacin kunya nake ji. Sai na gaishe da mutumin a zuciyata da Hausa, har da iyalinsa, sannan na sa biro na faɗi abin da ya kawo ni a layin farko. Na ci. Aikina ya tsira.

Kafin sakamako ya fito Mama ta koma garinsu saboda ciwon ƙafa, ta bar wa ƙanwarta shagon. Da sakamakon ya fito, na zauna na rubuta mata wasiƙar godiya da Turanci, layi huɗu cif, babu kalma ɗaya ta banza, ina alfahari da ita. Na ba ƙanwar ta aika.

Bayan mako uku ƙanwar ta miƙo mini ambulan da littafina mai jan bango. A ciki wasiƙata ce ta dawo. Mama ba ta gyara ko harafi ɗaya ba, sai a ƙasa ta rubuta da jan biro, da Hausa: "Turanci ya yi, 'yata. Amma ni ba ofis ba ce. Ina gaisuwata?"

A nan bakin shagon na roƙi takarda. Na tambayi ƙafarta, da jikokinta, da sanyin garinsu, da gajiya. Sai da na cika shafi ɗaya da rabi, ina share hawaye da gefen hijabi, kafin na zo kan godiyar.