Fim Ɗin da Iya Ta Ƙarasa Mana

A gidanmu na Roni, inda aka haife ni, murhun Iya ba ya mutuwa da wuri. Iya kakarmu ce, mahaifiyar babanmu, ɗakinta ne na ƙarshe a gidan, daf da rumbuna. Idan kaka ta yi aka fara shigo da amfanin gona, da an idar da sallar isha'i sai mu taru a ƙofar ɗakinta, kowa da masararsa ko ɗanyar gyaɗa, mu cusa cikin garwashi mu jira. Ita kuwa tana kan 'yar kujerarta ta tsuguno tana ɓarar gyaɗa, kamar ba ta san abin da ya tara mu ba. Sai mun gaji da roƙo sannan ta ce, "To ku gyara zama, kada wani ya taka mini ƙafa. Labari ya iso bakin ƙofa."

Tatsuniyoyinta irin na kowace kaka ne, na kura da zomo da yarinya mai taurin kai, har shekarar da Kawu Sabo, ƙanin babanmu, ya dawo daga Kano da bidiyo da ƙaramar talabijin da wani janareto mai hayaƙi. A cikin kaset-kaset ɗin da ya zo da su akwai wani tsohon fim na Turawa, na 'yan leƙen asiri, launinsa duk ya koɗe. Babu mai jin Turanci a cikinmu. Yayana Nasiru, da yake shi ne ya fi mu nisa a firamare, ya ɗauki nauyin fassara, amma in ban da gaisuwa babu abin da yake tsinta. Sauran duk daga kansa yake ƙagowa, shi kuma Habibu, ɗan Kawu Sabo, sa'ansa kuma amininsa, yana gyaɗa kai yana cewa haka ne.

Iya ta ce ita ba za ta kalli aikin banza ba. Amma ranar da aka kunna, sai ga kujerarta ta matso inda za ta iya hango gilashin ta gefen ido. Ita ta raɗa wa mutanen fim ɗin suna. Jarumin, wani dogo mai doguwar kwat da malafa, shi ne Dogo Mai Hula. Abokinsa da ke tuƙa shi a mota, Gashin-baki. Ƙasar da suke yawo a ciki, wadda ƙanƙara ta rufe, ta ce ai garin da ake ruwan gishiri ne. Mun kalli Dogo ya ɓoye wata 'yar takarda a dugadugan takalminsa, ya tsallaka daga rufin jirgin ƙasa, ya buya a wani ɗaki a saman bene. Muka ga abokan gaba sun zagaye ɗakin, muka kuma gane, ko ba Turanci, cewa Gashin-baki ne ya nuna musu wurin. Dogo ya kuɓuta ta taga, ya tarar da abokin nasa a kan wata gada, ya zaro bindiga ya auna shi.

A nan bidiyon ya cinye kaset ɗin. Kawu Sabo ya zaro zaren a tattare kamar taliya. Ya yi ƙoƙarin liƙewa, ya ƙi. Haka muka watse, Dogo na tsaye a kan gada da bindiga a hannu.

A makon ne kuma rigima ta ɓarke a gida. Akwai wani kududdufi a bayan dutse da aka hana mu zuwa, saboda ya taɓa cin wani yaro. Yaya Nasiru ya riƙa zamewa yana zuwa iyo. Ranar da ya makara bai dawo ba har magariba, Baba ya tsare Habibu da tambaya, Habibu ya faɗi. Nasiru ya sha bulala. Tun daga ranar ya daina yi wa Habibu magana, ya raba kwanon tuwonsu, in za su haɗu a soro sai ya kau da kai ya ce, "Ga Gashin-baki nan." Habibu yaro ne mai sanyi. Ya rame a 'yan kwanakin nan, har gindin murhu ya daina zuwa, sai dai ya tsaya can jikin rumbu.

Wani dare muka ce Iya ta ba mu labarin kura. Ta ce ta gaji da kura. Ta kifa ƙwarya a cinya, ta kaɗa ta da yatsu, tana kwaikwayon kiɗan da ake yi a fim ɗin idan Dogo na sanɗa. Muka fashe da dariya. Ta ce, "Yau zan gaya muku abin da ya faru a kan gadar nan."

Nasiru ya ce, "Ke ina kika gani, Iya? Ai kaset ya lalace."

"Maigida, kai ma da kake fassara, ina ka ji? Yi mini shiru." Ta ɗaga murya wajen rumbu. "Kai kuma mai tsayuwa, in za ka ji ka matso, ban da ƙarfin yin shela."

Habibu ya matso ya zauna a bayana.

Ta fara tun daga farko, amma a bakinta labarin ya zama namu. Dogo ɗan wata tsohuwa ne mai sayar da daddawa, sarkin garinsu ya aike shi ƙasar gishiri ya ɗauko asirin maganin fari. Motar Gashin-baki ta koma akori-kura. Jirgin ƙasan ma sai da ya tsaya aka sayi rake. Da ta kawo kan gada sai ta tona gyaɗa daga toka, ta hura, ta ci, mu kuwa kamar mu fizge maganar daga bakinta.

Ta ce Dogo bai harba ba. Tsayawa ya yi ya tambaya, "Me na yi maka?" Gashin-baki ya ce, "Ba ka yi mini komai ba. Benen da ka buya a ciki na ga ginshiƙinsa ya tsage, kai ba ka gani ba. Na kira ka ba ka ji. Na ce da in zo in tono gawarka, gara su kama ka da ranka, ka yi fushi da ni har ƙarshen duniya." Suna cikin magana sai suka ji rugugi, suka waiga, benen ya rufta. Dogo ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya mayar da bindigar aljihu, ya ce, "Yunwa nake ji." Suka tafi gidan tsohuwa mai daddawa, ta zuba musu tuwo, ta ce kwano ɗaya ne ya rage mata, sauran duk an ara.

"Iyakar inda na gani ke nan," in ji Iya. "Mai son ƙari ya je ƙasar gishiri ya tambaya."

Babu wanda ya kalli Nasiru ko Habibu. Amma kashegari na ga an koma kai musu tuwo a kwano ɗaya. Daga nan Dogo Mai Hula ya shiga jerin tatsuniyoyin Iya, har yaran maƙwabta suna zuwa ji. Ni dai na girma ina da yaƙinin cewa haka fim ɗin ya ƙare.

Shekaru suka tura. Na yi aure a Kazaure, ina koyarwa a wata firamare. Yaya Nasiru yana harkar hatsi a Babura, Yaya Habibu yana aikin gona a Gwiwa. Suna nan da shaƙuwarsu har zaɓen kansila da ya wuce, inda kowa ya bi ɗan takararsa. Wani ya kai wa Nasiru gulmar cewa abin da yake faɗa a cikin gida Habibu ne ke kwashewa yana kai wa ɗaya ɓangaren. Nasiru bai tambaya ba, ya yanke gaisuwa. Aka yi zaɓe aka gama, 'yan takarar ma suka shirya har suna cin abinci tare, amma yayyena biyu ko a wajen suna suka haɗu sai kowa ya nemi tabarmarsa. Iya ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, sai dai kunne. Kullum na je sai ta ce, "Rabi, ban ji muryar mazajena tare ba."

Ban yi niyyar sulhu ba, gaskiya. Kwaɗayi ne ya kai ni. Wata rana a kasuwar Kazaure na tsaya wajen masu tura finafinai a waya, na kwatanta wa wani dattijo a cikinsu fim ɗin: malafa, dugadugan takalmi, rufin jirgi, gada. Ya yi murmushi ya ce ya san shi. Da Babbar Sallah, da muka taru a Roni, na ce da yamma akwai kallo a ƙofar ɗakin Iya. Na faɗi wane fim ne. Babu wanda ya iya ƙin zuwa.

Aka jona wayar da talabijin, aka fito da Iya aka jingina ta da filo. Mata suna suyar nama a murhu a gefe. Nasiru ya zauna a wannan ƙarshen tabarma, Habibu a wancan. Kiɗan na tashi Iya ta ɗaga kai ta ce, "Ga Dogo nan."

Kallon ya zama abin dariya tun daga farko, don yanzu muna jin Turancin. Takardar takalmin ba maganin fari ba ce, zanen wani makami ne. Dogo ba shi da uwa mai daddawa, ba shi ma da kowa. Kawu Sabo ya ce shi fa ya tuna jirgin ya fi haka gudu, wannan ai ko jaki zai kamo shi. Matar Nasiru ta ce a duba yadda mutum ya faɗo daga rufin jirgi amma malafarsa ba ta ko karkace ba. Aka zo wani wuri da Nasiru ya taɓa fassara mana da cewa Dogo na rantsuwa zai ɗau fansa, sai ga shi shayi kawai ya nema. Na ce, "Yaya, ina fansar?" Kowa ya kwashe da dariya. Na ji wata dariya ta kuɓuce daga ƙarshen tabarma, ta Habibu, ya yi maza ya mayar da ita tari.

Iya ba ta gani, don haka tana ta tambaya. "Ya hau benen?" Mu ce ya hau. "Gashin-baki ya zo?" Mu ce ga shi nan. Da aka iso gada, masu suya ma suka bar kasko suka matso. Wurin da kaset ya tsinke ya zo ya wuce, a karon farko hoton ya ci gaba.

Dogo bai tambayi komai ba. Ya harba. Gashin-baki ya faɗa ruwa. Dogo ya gyara malafarsa, ya shiga wata mota da wata Baturiya ke jira a ciki, suka tafi, rubutu ya fara hawa.

Tsakar gidan ta yi tsit, sai ƙarar mai a kasko.

"Me ya faru?" in ji Iya. "Kun yi shiru."

Muka kalli juna. Yaya Nasiru ya yi gyaran murya. "Ya mayar da bindigar aljihu, Iya."

"To wannan ƙarar da na ji fa?"

Sai daga can ƙarshen tabarma Habibu ya ce, "Tayar mota ce ta fashe."

"Eh, taya ce," in ji Nasiru da sauri. "Ta baya."

"Ta gaba," in ji Habibu.

"Ta gaba ɗin."

Iya ta juya fuskarta wajen wannan, ta juya wajen wancan. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har sai da na miƙa mata ruwa. Ta ce, "Makanta na yi, ba kurumta ba. Ya harbe shi, ko? Allah sarki. Yaron nan ba shi da kaka a gida." Ta share hawayen dariya da bakin mayafi. "Amma ku biyun nan, ko ƙarya ba ku iya ba sai kun haɗu."

Nasiru ne ya fara sunkuyar da kai yana dariya, Habibu ya biyo. Ba a yi wani zaman sulhu ba, ba wanda ya ba wani haƙuri a gabanmu. Kawu Sabo ya ce a mayar da fim ɗin baya wajen jirgi, yana so ya sake gani, aka mayar, aka ci gaba da musu a kan malafa. Daga baya na hango su biyun a soro, Nasiru na magana ƙasa-ƙasa, Habibu na girgiza kai yana lissafa wani abu da yatsu. Na wuce ban tsaya ba.

Ina yarinya, abin da na ɗauka daga labarin Iya shi ne Habibu ya yi daidai, Nasiru ya yi kuskure. Sai da na fara rabon faɗa tsakanin 'yan ajina na lura cewa a duk labarin ba ta ce wane ne mai gaskiya ba. Abu ɗaya ta ƙara a kan na Turawa: ta sa mai bindiga ya tsaya ya yi tambaya. Na gwada na gani, tsayawar nan ta fi komai wuya, ga yaro ga babba, musamman in kana jin kai aka cuta. Ni ma sau da yawa sai na yanke hukunci nake tuna ban tambaya ba.

Da safe, da baƙi suka fara haramar tafiya, babur ɗin Yaya Habibu ya ƙi tashi. Ina daga ɗakin Iya ina shafa mata man zafi a gwiwa, muka jiyo hayaniya a waje. Ta ce in leƙa in gaya mata. Na leƙa. Yaya Nasiru ne ya naɗe babbar rigarsa ta Sallah a kafaɗa yana tura babur ɗin a guje, yana yi wa Habibu faɗa a kan wai shekara nawa yana cewa a canza filogi. Na faɗa mata.

Ta ce, "Bar su. Zo ki ƙarasa mini ɗayar ƙafar."